Tabo a Gilashin Tagar Kudu

Da sunan Allah nake fara wannan, Shi da ya yi ido, ya kuma yi abin da idon zai gani.

A cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin na yi aikin tsaron ƙofar ruwa a kan babban kanal ɗin da ke ɗauko ruwa daga kudu, ya ratsa ƙasar Bunkure ya nufi Kura. A daidai inda ƙaramin kanal ke rabuwa da babban, hukumar noman rani ta gina ɗaki guda a kan tudu, nan aka ajiye ni. Aikin ba shi da wuya. Akwai ƙarfen da nake murɗawa ƙofa ta ɗaga ko ta sauka. Akwai kuma wani dogon katako da aka kafa a cikin ruwa, an zana masa lambobi da jan fenti da baƙi. Ido kawai aikin yake so. In na karanta katakon daidai, kowa ya sami ruwansa. In na kuskure, ko dai fangalin tumatir ya nutse a gonakin kusa, ko waɗanda ke can ƙarshe su wuni suna kallon busasshiyar ƙasa.

Bayan rasuwar mai ɗakina na karɓi aikin, Allah ya ji ƙanta. 'Yarmu guda ɗaya ce, tana aure a Kumbotso. Gidanmu na Kura cike yake da iyalin yayana, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza a cikinsa, amma na kasa zama a ɗakin da ta bari. Da aka ce ana neman mai tsaron ƙofa wanda ya san lamba, kuma zaman kaɗaici ba zai dame shi ba, sai na ce ga ni.

Da safe wurin yana da mutane. Manoma kan zo su gaishe ni, su tambayi yaushe za a sakar musu ruwa, su ɗan yi gardama a junansu, su watse. Azahar wani lokaci nakan same ta cikin jam'i a gindin wani mangwaro, in akwai waɗanda ba su yi nisa ba. Daga nan kuwa sai ni da balbelu da ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙofa. La'asar da magariba ni kaɗai nake yin su, ni ne mai kiran salla, ni ne liman, ba kowa a bayana. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne wasu waƙoƙin wa'azi na ajami da mahaifinmu ya bari. Gara ta ci gefen takardun, ni kuma ina sake rubuta su a sababbi, a hankali, da tawadar da nake dafawa da kaina.

Da farko tagogin ɗakin irin ƙananan gilasan nan ne masu jeri, waɗanda ake buɗewa da hannu. Iskar farkon damina ta farfasa su. Wajen ƙarshen daminar aka zo da wasu manya, kowanne falle guda, aka sa a kudu da yamma da arewa. Gabas ba taga, nan alƙibla take, nan kuma buzuna yake shimfiɗe, kusa da kusurwar da bangon gabas ya haɗu da na kudu. Wanda ya sa gilasan ya ce mini irin na ƙofar mota ne, masu tauri, ko sun fashe ba sa yin tsini kamar wuƙa, rugurgujewa suke kamar gishiri. Na ji daɗinsu. Daga kan benci ina iya hango katakon lambobi ta tagar kudu ba tare da na sauka ba.

Da kaka ta shigo, ruwan sama ya ɗauke, sama ta yi wasai kamar an wanke ta, sai wata rana na idar da la'asar. Na juya dama na yi sallama, idona ya sauka a kan tagar kudu, sai na ga gilashin ya yi tabo. Ba tabo ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ne a jere, layi bayan layi, kamar jikin zabuwa, wasu duhu-duhu, wasu da ɗan launi irin wanda man inji ke yi in ya zuba a ruwa. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne allo. In an wanke allo ba a goge shi da kyau ba, inuwar tsohon rubutu takan tsaya a jikinsa, layi-layi, ba a iya karantawa amma ana gani. Na ce datti ne, masu aiki sun bar shatin hannu.

Na tashi na ɗauko tsumma. Ina isa gaban tagar tabon ya ɓace. Na shafa da tafin hannu, santsi kawai. Duk da haka na wanke shi yadda na saba wanke allo, ciki da waje, da toka, na ɗauraye, na bi da sabulu, washegari na ƙara da lemun tsami. Da safe gilashi garau. Da azahar garau. La'asar na yi, ina yin sallama, ga su nan a jere, ba ko ɗaya da ya bar wurinsa.

A nan ne na tuna mahaifinmu. Shi ma da haka ya fara. Yana cikin karatu sai ya miƙo mana takarda ya ce a hure masa ƙasar da ke kai, alhali ba komai a kanta. Ya ce wani lokaci abin yana zuwa, wani lokaci ya tafi. Daga baya abin ya daina tafiya, har ya rufe masa gani. Ya yi shekarun ƙarshensa a zaure, littattafansa a jaka rataye a bayansa, yana sauraron takun mutane yana cewa wane ne. Bai taɓa yin ƙorafi ba, Allah ya haskaka kabarinsa. Amma ni na san yadda hannunsa ke lalube a kan tabarma yana neman carbi.

Na gwada kaina ta kowace hanya da na sani. Na rufe idon dama, tabon yana nan. Na rufe na hagu, yana nan. Na dubi farar takarda ban ga komai ba, na ɗan sami sauƙi, sai kuma na tuna shi ma da farko ba kullum yake gani ba. Ranar da ragowar gajimare ya rufe sama ban ga tabon ba sam, na kwana da murna. Da gari ya sake washewa ya dawo.

Ba abin da na fi bukata a lokacin kamar mutum guda da zai tsaya kusa da ni ya ce shi ma ya gani. Na fara tambayar manoma. Da hantsi suke zuwa, ƙafafunsu duk taɓo, su tsaya daga bakin ƙofa ko su zagaya ta waje su fuskanci tagar. Kowa sai ya ce, Malam, ai ko fuskar mutum ana gani a ciki. Ko da wani ya shigo, kan benci yake zama. Ba mai taka buzun malami, balle ya zauna a kansa, ni ma ban taɓa tunanin in ce wani ya zauna ba. Akwai wani tsoho Bamaguje da gonarsa ke kusa da ni, muna gaisawa sosai, yakan kawo mini gauta. Shi ya fi kowa daɗewa yana kallon gilashin. Bai yi dariya ba. Ya ce shi dai bai ga komai ba, amma wanda ke zaune a bakin ruwa shi kaɗai yakan ga abin da ba a nuna wa masu wucewa. Washegari ya kawo mini wani ganye a ƙunshe ya ce in riƙa turarawa. Na gode masa, na ajiye.

Na koma ga abin da na gada. Na rubuta ayoyin neman waraka a allo, na wanke, na sha, na shafe idanuna da sauran. Na sayi kwalli. Na daina rubutun waƙoƙin don in tanadi abin da ya rage mini na gani, sai yammacin ya ƙara tsawo, ba abin yi sai kallon ruwa. Na kuma daina yarda da abin da nake hangowa daga benci. Duk lokacin da zan taɓa ƙofa sai na sauka har bakin kanal, na durƙusa, na ƙura wa katakon ido, na koma, na sake dawowa in tabbatar. Manoma suka lura. Daga bakinsu magana ta kai Kura.

Yayana dillalin tumatir ne, mutum mai jiki da murya, ya girme ni sosai, kuma tun ina ƙarami Auta yake kirana, har furfura ta fito mini bai daina ba. Ranar kasuwar Bunkure ya biyo ta wurina da hantsi. Tun daga nesa yake tsokanata, wai ya ji labari na zauna ni kaɗai har gilashi ya fara ba ni karatu, ya zo ne ya ɗauki darasi. Na nuna masa tagar. Ya tsaya a gabanta, hannu a baya, ya duba sama ya duba ƙasa. Ya tambaye ni yaya abin yake. Na kwatanta masa. Sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya zauna a kan benci.

"Auta," ya ce, "haka Baba ya riƙa faɗa."

Na ce na sani.

Ya yanke magana a nan take, yadda ya saba. Kasuwa mai zuwa zai zo da a-kori-kura, a kwashe kayana, a kai ni asibitin ido a birni, daga can kuma sai gida. Zai sami shugaban sashenmu ya gaya masa a nemi wani. Ya ce ba zai bari in faɗa kanal wata rana ba, ko in nutsar da gonakin mutane a zo ana zagin gidanmu. Ban yi masa musu ba. Ba a yi mini tarbiyyar musu da shi ba, kuma a zuciyata na san gaskiya yake faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne ina kallon abubuwa kamar mai bankwana. Na kalli yadda balbela ke ɗaga ƙafa a cikin ruwa. Na kalli koren irin tumatir da aka yafa a bakin gonaki. Na buɗe takardun mahaifinmu na bi rubutunsa da ido, yadda yake jan wutsiyar harafi ya lanƙwasa ta, don in riƙe a kaina. Waƙa guda ta rage rabi ban ƙarasa ba. Na naɗe ta haka nan na sa a jaka.

Ranar da aka sa, yayana bai iso ba sai bayan azahar, motar ta ba su wahala a hanya. Direban ya wuce kasuwa da niyyar ya biyo mana da yamma. Mun gama ɗaure kaya ke nan, ba abin da ya rage a ɗakin sai benci da buzu da buta, sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya a kan gaɓar kanal. Wani mutum ya fito, matsakaicin shekaru, da rigarsa mai gajeren hannu da wata jaka fale-fale. Ya yi sallama, ya ce daga birni yake, daga wurin waɗanda suka kawo gilasan. Wai wani babba a ofishin hukumar da ke Kadawa ya sa baƙin tabarau ya dubi tagoginsa, ya ga duk sun yi dabbare-dabbare, ya ce an kawo musu kaya marasa kyau. Shi ne aka turo shi ya bi duk inda aka sa irinsu ya duba ɗaya bayan ɗaya. Namu ne na ƙarshe, kuma da gani ya gaji.

Da na ji kalmar dabbare-dabbare sai na juya na dubi tagar kudu. Yayana ne ya ce masa, to ai ga wanda ya riga babban nan gani, kuma shi ko tabarau ba shi da shi. Da wasa ya faɗa, amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

Mutumin ya buɗe jakarsa ya fito da wasu abubuwa biyu kamar leda mai kauri, masu launin toka, ana ganin haske ta cikinsu. Ya miƙa wa yayana babbar ya ce, Alhaji, a taimaka a zagaya waje a manna wannan a jikin tagar. Yayana ya fita yana gunaguni, wai mutanen birni ko gaisuwa ba su gama ba sun ba ka aiki. Mutumin kuma ya tsaya daga ciki, ya kara ƙaramar a idonsa, yana juya ta a hankali. Ya fara da tagar arewa, sannan ta yamma. A kowacce yakan ja da baya, ya matso, ya karkata gefe, ya fito da wani guntun gilashi daga aljihu ya gwada su, sannan ya yi alama da alli a kusurwa. Da ya zo ta kudu sai ya ɗan yi tsaki, ya ce wannan ta fi sauran nauyi. Ya miƙo mini ledar ya ce in duba.

Na kara a idona, na juya yadda na ga yana yi. Sai ga su. Layi bayan layi, kowane ɗigo a inda na san shi, har da wurin nan na ƙasa ta hagu inda biyu suka haɗe. Sun fi yadda na saba ganinsu duhu, amma su ne.

Ya yi mini bayani a taƙaice, kamar wanda ya faɗi abu ɗaya sau da yawa a ranar. Irin wannan gilashi, ya ce, gasa shi ake yi har ya kusa narkewa, sannan a huro masa iska mai sanyi ta bakin bututu masu yawa a jere. Inda iskar ta fara bugawa ya riga sauran sanyi, sai jikin gilashin ya ɗaure a haka, kuma ɗaurewar nan ita ce taurinsa. Tabon shatin bakin bututun ne. Yana cikin gilashin, ba a samansa ba, ko shekara za a yi ana wankewa ba zai fita ba. Ba ya rage masa ƙarfi, sai dai wani ya fi wani fitowa, shi ya sa ake dubawa. Na tambaye shi ko ana iya ganinsa da ido kawai. Ya ce ana gani, in sama ta yi garau, rana tana gefe, mutum kuma ya kalli gilashin a karkace, musamman in akwai ruwa yana maido haske. Ya tambaye ni ko yana hana ni ganin katakon lambobi. Na ce a'a. Ya ce to shi zai ce a bar shi, don wanda za a kawo ma da nasa zai zo.

Yayana ya shigo, aka ba shi ya duba, ni na riƙe ta waje. Ya gani. Amma bayan mutumin ya tattara kayansa ya tafi, sai ya ce shi wannan bai gamsar da shi ba. Abin da aka gani ta cikin leda, ai na leda ne. Shi ya tsaya gaban tagar nan da idonsa biyu bai ga komai ba, ni kuma na ce ina gani. Asibiti dai sai an je, kaya kuma an riga an ɗaure. Inuwa ta riga ta miƙe, na fita na yi kiran la'asar.

Tun da na zo wurin ba a taɓa yin la'asar da mutum biyu a ɗakin ba. Shi ne babba, shi zai ja mu. Na nuna masa buzun, ya ɗan yi jim, sannan ya hau. Ni na shimfiɗa rawanina a gefensa na dama, na ɗan ja baya kaɗan. Na daɗe ban ji daɗin salla kamar wannan ba, jin kabbarar wani a gabana, jin numfashinsa in ya sunkuya. Ya zauna tahiya, ya juya dama ya yi sallama. Sai kansa ya tsaya a haka bai dawo ba.

Na yi tawa sallamar, na jira. Yana kallon tagar ta saman kafaɗata. Ya ɗan karkata, ya dawo. Ya miƙe ya je gabanta, ya shafa, ya komo ya sake zama a kan buzun.

"Kamar jikin zabuwa," ya ce a hankali.

Na ce haka ne, Yaya.

"Kullum a nan kake zama?"

Na ce kullum.

Ya dubi ɗakin, bango huɗu da benci da buta, ya dubi ƙofa inda ba kowa sai ruwa yana wucewa. Na zaci zai yi tsokana, don ita ce hanyarsa ta fita daga kowane abu. Bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa mahaifinmu gafara, ya roƙa wa mai ɗakina, ina cewa amin. Da ya shafa sai ya ce idona lafiya lau, ya ma fi nasa, tunda shi sai da aka zaunar da shi. In ina so in bi shi gida duk da haka, ɗakin yana nan. In kuma ina so in zauna, ba zai je wurin shugaban sashe ba.

A kwanakin nan na riga na saba da tunanin komawa, hayaniyar tsakar gida, tuwo mai zafi, mutum a kowane lungu. Amma da zan koma ne a matsayin wanda za a riƙa ja da sanda, kuma yanzu ba haka ba ne. Gobe da safe akwai waɗanda za su zo neman ruwa. Na ce zan zauna.

Da motar ta iso, shi da kansa ya kwance igiyar kayan, yana faɗa wa direban cewa an fasa, ƙanensa ba makaho ba ne, taurin kai ne kawai ke damunsa. Ya ce zai riƙa biyowa ranar kasuwa, kuma da yamma zai riƙa zuwa, ba da hantsi ba. Ya zo sau da dama, wani lokaci kuma tumatir ya riƙe shi.

Ranar nan dai na tsaya a kan tudu har ƙarar motar ta ɓace. Na hango katakon lambobi daga nan inda nake, na karanta shi sarai, ban sauka ba. Na rage ƙofa kaɗan. Sannan na shiga na buɗe jaka, na fito da waƙar nan da ta rage rabi, na zuba ɗan ruwa a tawadar da ta bushe. Da sauran haske. Tabon yana nan a tagar kudu, a jere, na zauna kusa da shi na ci gaba daga inda na tsaya.